Daga Taurarin Titanic Zuwa Guguwar Mars: Wane Kuskuren Fim Ne Abin Damuwa?

A shekarar 1997 fim ɗin Titanic ya fito, duniya ta kalla ta sha kuka, amma wani masanin taurari ɗan Amurka, Neil deGrasse Tyson, ya fito daga silima da ƙorafi a bakinsa. A wurin da jarumar ke kwance bisa katako a tsakiyar teku tana kallon sama, taurarin da aka nuna ba su ne ke saman wannan bigire ba a daren 15 ga Afrilu 1912. Abin da ya ƙara ɓata masa rai, an kwafi rabin sararin ne aka juya shi aka liƙa a ɗaya rabin, kamar abin da madubi ke yi. Ya shafe shekaru yana bibiyar darakta James Cameron da wannan magana, har a 2012, da za a sake fitar da fim ɗin, Cameron ya nemi Tyson ya aiko masa da taswirar taurarin wannan dare, aka cire na bogi aka sa na gaske.

Da yawa in suka ji labarin nan cewa suke neman magana ce kawai. Mutum sama da 1,500 sun halaka, kai kuma kana lissafin taurari? Ni dai ina bayan Tyson, kuma dalilina shi ne mabuɗin duk wannan batu na kurakurai a finafinan ƙagaggen labarin kimiyya, duk da cewa Titanic ba ya cikinsu. Cameron ya nutsa ƙarƙashin teku da kansa ya ga tarkacen jirgin, ya sa an ƙera kwanuka da kujeru da shimfiɗu irin na asali. Da wannan ya yi wa mai kallo alkawari cewa abin da yake gani haka ya faru. Wanda ya ɗauki irin wannan alkawari, dole a bi shi bashin sama kamar yadda aka bi shi bashin ƙasa.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. In kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku," babu yaron da zai tsayar da ita ya ce yaya aka yi Gizo ya yi magana da kura. An riga an ƙulla yarjejeniya tun daga buɗe baki, kuma a ƙarshe ita da kanta za ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Amma in wannan kakar ta ce za ta ba ka labarin shekarar da aka yi yunwa a garinku, sai ta sa sunan sarkin da bai zo ba tukuna, to a nan kana da ikon gyara mata. Finafinai ma haka suke. Star Wars na 1977 ya buɗe ne da rubutun da ke cewa abin ya faru tun da daɗewa a wata duniya mai nisa, wato "ga ta nan" ɗinsa ke nan. Saboda haka ban damu ba in jiragensa suna karkata suna shawagi kamar jiragen yaƙin duniya na biyu, wanda dama hotunansu daraktan fim ɗin, George Lucas, ya yi koyi da su. Ban damu ba da wani jarumi ya yi alfahari da saurin jirginsa yana ambaton farsek kamar ma'aunin lokaci, alhali ma'aunin nisa ne, tafiyar haske ta shekara 3.26. Tatsuniya ce sanye da rigar ƙarfe. Fim ɗin da ya shigo da farar riga ta kimiyya kuwa, shi ne ɗigon manja ke tona wa asiri tun daga nesa.

Kuskuren da kowa ya fi sani shi ne na ƙara. Sauti girgiza ce da ke bin iska ko ruwa ko ƙarfe har ta iso kunne. A sararin samaniya babu abin da za ta bi, don haka ko kumbo ya tarwatse a gabanka shiru za ka ji. Hasken makaman da ake harbawa ma ba za a gan shi daga gefe ba, domin abin da ke sa ka ga sandar hasken tocila da daddare ƙurar da ke cikin iska ce, shi ya sa fitilar mota ta fi fitowa zar a lokacin hazo. Masu fim sun san wannan sarai. Suna sa ƙarar ne don tsoron kada mai kallo ya zaci sifika ta mutu. Sai dai Stanley Kubrick ya nuna tun a 1968, cikin 2001: A Space Odyssey, cewa tsoron nan ba shi da tushe: ya bar sarari shiru, ba ka jin komai sai numfashin ɗan sama jannati a cikin hularsa, kuma wannan numfashin ya fi kowace irin ƙara tayar da tsikar jiki. Ko a nan ƙasa ma finafinai na yin wata ƙaramar ƙarya da ba a cika lura da ita ba. Abu ya fashe can nesa, sai a ji ƙarar daidai lokacin da aka ga wutar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a zaure da damina ya san walƙiya ke riga tsawa, domin sauti na cin kusan daƙiƙa 3 kafin ya yi kilomita guda. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Fim ɗin da ya fi shan bincike a wannan fanni shi ne Gravity na 2013, wanda Alfonso Cuarón ya ba da umarni, kuma ya sha binciken ne saboda kyan da ya yi. Ya buɗe da rubutu mai bayyana zafi da sanyin sarari, da cewa babu abin da ke ɗaukar sauti. Ya mutunta shirun. Maɓallan kumbo da kayan aiki an kwaikwaye su har 'yan sama jannati na gaske suka yaba. Haɗarin da labarin ya ginu a kai, wato tarkace su afka wa 'yan sama jannati suna cikin aiki a sarari, shi ma na gaske ne: tun 1978 Donald Kessler, masani a NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya yi gargaɗin cewa tarkace na iya bugun tauraron ɗan Adam, shi ma ya farfashe ya bugi wani, abin ya yi ta yaɗuwa. A Janairun 2007 Sin ta harbe wani tsohon tauraronta da makami mai linzami, ta bar dubban gutsattsari suna zagaya duniya, sannan a 2009 wani tauraron Amurka da na Rasha suka yi karo.

To ina kuskuren? Babba cikinsu shi ne tafiyar da jaruman suka yi daga na'urar hangen nesa ta Hubble zuwa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, kamar masu tsallaka titi zuwa gidan maƙwabci. Hubble na zagayawa a tsayin kusan kilomita 500, tashar kuma wajen 400. Wannan tazarar ma ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce karkatar hanya: falakin Hubble ya karkace da digiri 28.5 daga layin da ya raba duniya arewa da kudu, na tashar da digiri 51.6, kuma kowanne na gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Ka ƙaddara motoci biyu ne a kan tituna biyu da suka gitta juna, kowace na wannan gudu, aka ce ka diro daga ɗaya ka faɗa ɗaya. Sauya hanya irin wannan na buƙatar canjin gudu na kusan kilomita 3 a daƙiƙa, alhali jakar tashi ta baya irin wadda jarumin ya yi tafiyar da ita, wadda NASA ta yi amfani da ita a 1984, iyakacinta kusan mita 25 a daƙiƙa. Babbar shaida ita ce abin da ya faru a Mayun 2009, lokacin da kumbon Atlantis ya je gyaran Hubble na ƙarshe. Da yake an san ko da ya samu matsala ba zai iya kaiwa tashar ya fake ba, sai aka girke kumbon Endeavour a wani dandalin harbawa yana jiran ko-ta-kwana. Kumbo sukutum da injinansa bai iya wannan tafiya ba.

Duk da haka wannan kuskuren na yafe shi, don in babu shi babu labari: jarumar za ta mutu ne a minti na ashirin a kunna fitilun silima. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wurin rabuwa, inda jarumin ke rataye a ƙarshen igiya, ya ce dole a sake shi don kada ya janye ta su tafi tare. Me ke jan sa? A ƙasa, wanda ya rataye a bakin rijiya nauyinsa ke jan sa. A can kuwa, da zarar igiya ta tsayar da su biyun, babu sauran abin da ke jan kowa; ɗan fizga kaɗan ya isa ya taho wajenta a hankali. Akwai masu kare fim ɗin da cewa igiyoyin suna kan miƙewa ne, ba su gama tsayawa ba, amma abin da ido ya gani a allo mutum ne a tsaye cak. Abin ya dame ni ne saboda nan ne zuciyar fim ɗin, kuma an gina ta a kan tunanin ɗan ƙasa, bayan an shafe rabin awa ana koya mana mu manta da ƙasa. Hawayen jarumar da ke ɓallewa daga ido suna yawo ma haka: a wannan shekarar Chris Hadfield ɗan Kanada ya nuna daga cikin tashar cewa ruwa manne wa fuska yake yi, ya taru ya zama dunƙule a kan ido.

Gashin kanta da bai tashi ba kuwa, wannan matsalar kayan aiki ce, kuma tana da nasaba da wani abu da mutane da yawa suka fahimta a baibai. Ana cewa wai a can babu ƙarfin jan ƙasa. Akwai shi, kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda muke ji a nan. Abin da ke faruwa shi ne tashar da mutanen cikinta faɗuwa suke yi ba tsayawa, sai dai gudunsu na gefe ya kai yadda duniya ke lanƙwashewa a ƙarƙashinsu kafin su iso ta. Wanda ke faɗuwa tare da ɗakinsa ba ya jin nauyi. Don haka hanya ɗaya ce ta samun wannan yanayi na gaske a kusa da ƙasa: a faɗo. Haka masu fim ɗin Apollo 13 na 1995 suka yi, suka gina ɗakin kumbo a cikin jirgin NASA da ke cillawa sama ya sulalo, kowane sulalowa na ba su kusan daƙiƙa 25, suka maimaita sau ɗaruruwa. Rashawa kuma a Oktoban 2021 suka tura jaruma da darakta tashar kanta suka yi kwana 12 suna ɗauka. Wanda bai da halin wannan, igiya da kwamfuta zai yi amfani da su, gashi kuma ya kwanta.

The Martian na 2015, labarin ɗan sama jannatin da guguwa ta sa aka baro shi shi kaɗai a duniyar Mars, darasi ne na daban, domin marubucin littafin da aka ɗauko shi, Andy Weir, ya faɗa da bakinsa cewa ya san guguwar farkon labarin ba za ta yiwu ba. Iskar Mars siririya ce ƙwarai, matsinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Ƙarfin bugun iska ya dogara ne da kaurinta da kuma gudunta, don haka iskar da ke gudun kilomita 160 a awa a can, jikinka zai ji ta kamar mai gudun kusan 20 a nan, irin wadda ke kaɗa shanya a igiya. Ba za ta tumɓuke ƙarfe ta soke mutum ba, balle ta karkatar da roka. Abin lura shi ne a ƙarshen fim ɗin an dawo an dogara da gaskiyar da aka take a farko: an cire hancin rokar aka rufe da tamfol, bisa hujjar cewa iskar ba ta da kaurin da za ta yi lahani. Iska guda, mai ƙarfi a farko, marar ƙarfi a ƙarshe.

Haɗarin guguwar Mars na gaske ya fi kama da abin da mai sola a kan rufi ya sani lokacin hunturu. Ƙura ce mai laushi da ke tashi ta rufe rana na makonni, ta kwanta a kan faranti. Ita ce ta kashe motar bincike ta Opportunity a Yunin 2018, bayan ta yi shekara 14 tana aiki a inda aka tsara mata kwana 90. Sai dai mutuwa a hankali cikin duhu ba ta buɗe fim. Dankalin da jarumin ya shuka ma akwai magana a kansa, domin kumbon Phoenix ya gano wani nau'in gishiri mai cutarwa a ƙasar Mars tun 2008, wanda sai an wanke shi kafin a yi noma. Af, mu ma muna da rabonmu a sanin wannan duniya: dutsen da ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, mai nauyin kusan kilo 18, daga Mars ya taso, kuma gutsattsarinsa na cikin waɗanda masana suka fi yin nazari a kansu. Ban da guguwar, abin da fim ɗin ya kama daidai ya fi abin da ya kuskure daraja: mutum na lissafin ruwa da abinci da kwanaki, yana gwadawa yana kasawa yana sake gwadawa, saƙo kuma na ɗaukar mintuna kafin ya iso.

Interstellar na 2014 shi ya fi kai ni ga tunani, saboda a nan an san gaskiya dalla-dalla, an zana ta, sannan aka zaɓi a rage ta. Kip Thorne, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2017, shi ya ba masu zanen kwamfuta lissafin yadda haske ke lanƙwashewa a kewayen baƙin rami, wato wurin da jan nauyi ya kai ko haske ba ya kuɓuta. Aikin ya yi kyau har aka wallafa shi a mujallar kimiyya a 2015. Amma lissafin ya nuna cewa zoben wutar da ke kewaye ramin ba zai yi haske ɗaya ba: ɓangaren da ke juyowa wajenka zai yi ƙyalli sosai, wanda ke gudunka ya dusashe. Daraktan fim ɗin, Christopher Nolan, ya ga hakan zai rikita mai kallo, sai aka daidaita hasken. A ranar 10 ga Afrilu 2019 aka fitar da hoton baƙin rami na farko na gaske, na tsakiyar tarin taurarin M87, sai ga zobe mai gefe ɗaya da ya fi haske. Da an bar wa mai kallo gaskiyar, da ya ga hoton ya gane shi kamar fuskar ɗan uwa. Ina ganin an raina fahimtar mutane a nan, kuma an yi asara. Abin da mutane suka fi ɗauka ƙarya a fim ɗin kuwa, wato awa guda a wata duniya ta zama shekara 7 a gida, shi ne mai tushe a ka'idar Einstein. Wayar da ke hannunka na dogara da irinsa kullum: agogon taurarin da ke nuna maka taswira na riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kuma ba don ana gyara wannan ba da taswirar ta ɓatar da kai.

Duk waɗannan kurakurai ne da ke ƙarewa a ƙofar silima. Waɗanda suka fi damuna su ne masu bin mutum gida. Lucy na 2014 ya ginu kacokan a kan cewa kashi 10 cikin ɗari na ƙwaƙwalwarmu kawai muke amfani da shi, maganar da hoton ƙwaƙwalwa ya daɗe da rushewa, amma har yau za ka ji mai wa'azin neman nasara yana maimaita ta da ƙarfin hali. Jurassic Park na 1993 ya dasa wa duniya siffar wata dabbar dainaso mai tsayin mutum da fatar ƙadangare, alhali ta asalin ba ta wuce girman talotalo ba, kuma a 2007 an ga alamun saiwar gashin tsuntsu a ƙashin hannunta. Maganar farfaɗo da su daga jinin cikin sauro ma ba ta da madafa: sinadarin gado na DNA ruɓewa yake yi, mafi tsufan da aka iya karantawa shekarunsa kusan miliyan 2, dainaso kuma sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Ƙasusuwan da ake tonowa a Gadufawa ta hamadar Nijar, inda aka samo dabbar da aka raɗa wa suna Nigersaurus mai haƙora sama da 500, sun riga sun zama dutse.

Sai kuma babbar ƙaryar da ba ta cikin lissafi, tana cikin yadda ake nuna aikin kimiyya kansa: haziƙi guda, dare guda, magani ya samu. Wanda ya girma yana kallon wannan, in annoba ta zo likitoci suka ce a ba su watanni, ko suka sauya shawara bayan sabon bincike, sai ya ɗauka ko dai ba su iya ba ko suna ɓoye wani abu. Armageddon na 1998 shi ne uban wannan salo. Dutse mai girman jihar Texas, ba a gan shi ba sai saura kwana 18, aka tura masu haƙar mai suka dasa bam suka raba shi biyu. Dutse mai kusan wannan girma, Ceres, tun 1801 aka hango shi da madubin wancan zamani. Kuma babu bam ɗin da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa da zai yi wa irinsa ko ƙwarzane. Yadda ake kare duniya a zahiri shi ne a hango da wuri, a ɗan ture. Ranar 26 ga Satumba 2022 kumbon DART ya daki wani dutse mai suna Dimorphos, mai faɗin kusan mita 160, ya rage lokacin da yake ɗauka ya zagaye babban dutsen da yake kewayawa da kusan minti 32. Turi kaɗan ke nan, wanda in an yi shi shekaru kafin isowar dutse ya isa ya sa ya wuce ta gefe. Aikin na masu zaman gadin sama ne shekara da shekaru, da kuɗin da majalisu ke warewa don na'urorin hange, kuma jama'ar da aka koya wa cewa jarumi zai zo a kwana na 18 ba za ta ga dalilin biyan wannan kuɗi ba.

Dutsen da ya zo da gaske ƙarami ne. Ranar 15 ga Fabrairu 2013, da safe, wani mai faɗin kusan mita 20 ya shigo ta wajen rana ba wanda ya hango shi, ya fashe a sama da birnin Celiyabinsk na Rasha. Haske ya cika gari, ba a ji komai ba. Mutane suka taso daga kujeru suka nufi tagogi su ga mene ne, abin da kowannenmu zai yi. Fashewar ta auku ne a tsayin kusan kilomita 30, don haka bugun iskar bai iso ba sai bayan minti ɗaya da rabi zuwa biyu da wani abu, ya tarar da fuskoki a jikin gilashi. Kusan mutum 1,500 suka nemi magani, akasarinsu yankan gilashi ne. A wata makarantar firamare, malama ta ga hasken, ta umarci yara 44 su shige ƙarƙashin teburansu su zauna a nan duk da shirun da ya biyo baya. Gilashin ya yanke ta a hannu da ƙafa, yaran kuwa ko ɗaya bai ji ciwo ba.